Akwatin da Ya Kore Mana Katifu

Litinin, 7 ga Yuni, 6:40 na yamma

"Ni, Uchida Masaji, na yi alkawari ba zan ƙara taɓa wannan ganye ba, kuma ba zan ƙara ɓoye wa matata komai ba, babba ko ƙarami."

Haka mijina ya rubuta shekara goma sha biyu da suka wuce, da rubutunsa mai kama da tonon kaza, ya danna jan hatiminsa a ƙasa. Yau na ciro takardar daga cikin ƙamus, inda na adana ta, na karanta ta sau uku. Na nemi inda aka ce "sai dai a cikin kabad", ban gani ba.

Sati uku ke nan katifunmu suna jibge a kusurwar ɗaki. Ya ce kabad ɗin da muke ajiye su da rana ya fara fumfuna saboda damina, yana shanya shi, kada in buɗe. Ni kuma, malamar adabi, wadda ta shekara ashirin da tara tana koya wa 'yan mata yadda ake gane maƙaryaci a cikin labari, na ce masa, "Sannu da ƙoƙari."

Yau an tashe mu da wuri, na dawo ba ya nan, na ga wani farin haske yana leƙowa ta ƙasan ƙofar kabad. Na ja ƙofar. Akwati ne na falanki, tsayinsa ya kai ƙirjina. Cikinsa an manne shi da farar takardar nan mai ƙyalli da nake naɗe kifi da ita, wadda na yi ta nema a kicin. Dogayen ƙwayayen lantarki guda shida, irin fararen nan na ofis, a jere. 'Yar fanka tana ta hura iska. Ƙananan tukwane huɗu, kowace da tsiro bai fi tsawon ɗan yatsa ba.

Aikin ya yi kyau. Wannan shi ya fi ba ni haushi. Ko waya ɗaya ba ta leƙo ba. Shekara takwas ina roƙonsa ya gyara min fitilar banɗaki.

Litinin, 8:15 na dare

Ya shigo, ya gan ni zaune a gaban akwatin, ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa.

"Baban Chiharu, mene ne wannan?"

"Tumatir."

"Tumatir."

"Wani iri ne na ƙasar waje."

"Baban Chiharu, a gonar kakata na girma. In wannan tumatir ne, ni kuma kabewa ce."

Ya yi murmushi. Murmushi fa! Ya ce, "To, Malama, a ba ni sifili." Haka yake ce min idan yana so faɗa ya koma wasa. Na ce masa wiwi sunansa, ya faɗa da bakinsa in ji. Bai faɗa ba. Ya cire ɗaya takalmin, ya jera su, ya wuce banɗaki ya daɗe.

Rabin shinkafarsa ya bari.

Talata, 8 ga Yuni, lokacin abincin rana, ɗakin malamai

Shekara bakwai ne hukuncin nomansa. Na duba. Gidan kuma da sunana hukumar gidaje ta ba mu, ba da nasa ba.

Wancan karon da aka kama shi, ɗan ƙulli ne kawai aka samu a aljihun rigarsa ta aiki. Shi ya yi kwana ashirin a tsare. Ni na sunkuya a gaban shugaban makaranta ina ba da haƙuri har sai da bayana ya ƙage, na sunkuya a gaban iyayen yara, na canza makaranta, na canza unguwa, na ɗauke 'yarmu Chiharu daga cikin ƙawayenta tana 'yar shekara goma sha huɗu. Har yau idan ta kira daga Nagoya da ni take fara gaisawa, shi sai in na miƙa masa.

An ce mai hali ba ya fasa halinsa. Na ɗauka nawa ya fasa.

Laraba, 9 ga Yuni, 7:00 na safe

Ruwa. Fanka. Ina jin ƙararta har cikin haƙorana.

Alhamis, 10 ga Yuni, 5:30 na yamma

Ga wautar da babu wanda zai yi ta sai mijina. Mutumin da yake noman shekara bakwai a gidan yari cikin kabad, shi ne ya kasa karya dokar shara. Kwalayen ƙwayayen nan shida, ya ninke su, ya ɗaure da igiya tsaf, ya kai su wurin tara takardu ranar takardu, ya rubuta lambar gidanmu, 402, kamar yadda aka tsara.

Maƙwabciyarmu Obata-san ta hawa na ɗaya ta tsare ni a ƙasan bene. Shekararta saba'in da uku, tagarta tana kallon wurin shara, kuma ba ta taɓa sayen labule ba.

"Malama, an dawo? Sannu da aiki. Ashe gyara kuke yi a gida?"

"Gyaran me fa?"

"A'a, na ga kwalayen ƙwai har shida. Na ce, ɗaki biyu da kicin, lallai gidan Malama zai fi asibiti haske. Idanu ne suka fara gajiya da karatu?"

"Tsufa ne, Obata-san. Kin san shi."

"Ni fa har yanzu ina zura allura. Maigidan lafiya dai? Na ga kamar wandonsa ya yi masa yawa."

Na ce lafiyarsa ƙalau. Ina ruwanta da wandonsa?

Na hau na same shi ya durƙusa a gaban akwatin yana auna tazarar fitila da ganye da ma'aunin aikinsa. Na ce, "Don me ba ka haɗa da hotonka ba, ka manna a kan kwalayen?" Ya ce, "Ai ranar takardu ce." Ya ce da ni ranar takardu ce!

Asabar, 12 ga Yuni, 3:00 na rana

Na yi masa faɗa awa guda cur. Na tsara shi kamar darasi, da gabatarwa da misalai. Ya zauna a tabarma, hannuwa a gwiwa, yana gyaɗa kai. Da na gama ya ce, "Ki ba ni zuwa kaka."

"Kaka! Yanzu fa damina ta fara."

"Wata huɗu kawai. Daga nan in ƙone shi da hannuna."

"Sayarwa za ka yi?"

Nan ne kawai ya ɗago, ransa a ɓace. "Sumie, kin san ni."

"Da na ɗauka na sani."

Tunda ya bar aikin haɗa fitilun shaguna a watan Maris ba shi da abin yi sai zaman gida. Ya ce kafaɗarsa ce ta hana shi hawa tsani. To, wasu mazan idan suka ajiye aiki kamun kifi suke koya.

Lahadi, 13 ga Yuni, 7:30 na yamma

Na dafa masa kifin da ya fi so, da citta. Ya ci loma uku ya ce ya ƙoshi. In yajin cin abinci yake yi don in tausaya masa, ya makara.

Talata, 15 ga Yuni, 6:00 na yamma

To, ga ta nan. Rana dubu ta ɓarawo.

Bana ni ce shugabar benenmu. Ba zaɓe ba ne, layi ne, kowace shekara gida ɗaya, bana ya faɗo kan 402. Yau mai kula da gidaje ya miƙo min sanarwar da zan saka a allon da ke zagaya ƙofa-ƙofa: ranar Talata 29 ga wata, daga ƙarfe goma na safe, masu duba ƙararrawar gobara za su shiga kowane gida, kowane ɗaki. Shugabar bene za ta raka su.

Ƙararrawa uku ne a gidanmu. Ɗaya a kicin, ɗaya a ɗaki, ɗaya a rufin kabad ɗin katifu, daidai saman akwatinsa. Sai sun ja ƙofar sun ɗora mata sandarsu ta yi ƙara kafin su wuce.

Wato ni da kaina zan hau bene da maza biyu masu hular kwano, in buɗe musu ƙofata, in ce, "Ku shigo, ga gonar."

Na ajiye masa takardar a kan cinya. Ya karanta, ya ce, "Zan rufe shi da bargo."

Na karanta littattafai da yawa da mata suka kashe mazansu a ciki. Kullum ina ganin marubutan sun yi ƙari. Ina neman afuwarsu.

Laraba, 16 ga Yuni, 6:50 na safe

Wani abu kuma.

Na ciro hatimina zan buga a sanarwar kafin in miƙa allon gidan gaba. Ba hatimin gida ba, wanda ke ajiye a bakin ƙofa don masu kawo saƙo. Nawa, mai sunana, wanda mahaifina ya sa aka sassaƙa min ranar da na fara koyarwa. Ban taɓa mayar da shi jakarsa ban goge shi ba, ko sau ɗaya. Yau na same shi da busasshen jan tawada a cikin zanen, kuma an saka shi kai ƙasa.

An buga sunana a wani wuri da ban sani ba.

Na tambaye shi. Ya ce, "Wataƙila mantawa kika yi."

Laraba, 12:40 na rana

Ba na mantawa.

Juma'a, 18 ga Yuni, 5:15 na yamma

Allon ya zagayo ya dawo, hatimi goma, kowa ya gani ya yarda. Obata-san ce ta kawo shi da kanta, har hawa na huɗu, da gwiwoyin da kullum take kuka da su. Ta tsaya a bakin ƙofa tana miƙa wuya.

"Kai, Malama, katifu a waje cikin wannan laima? Za su yi wari fa."

"Kabad ne ya yi fumfuna."

"Ayya! Ina da magani mai kyau. In shigo in duba miki?"

"Kada ki wahalar da kanki."

"Wahalar me? Maƙwabtaka ce." Sai ta rage murya. "Ranar Laraba na ga maigidan a bas mai lamba sha bakwai. Ni ma gwiwata na kai asibiti. Bai gan ni ba. Ku yi ta haƙuri, kin ji?"

Na ce mata na gode, na rufe ƙofa. Haƙurin me? Bas sha bakwai wurare da yawa take zuwa. Tana bi ta kasuwar kayan lantarki. Tana bi ta filin wasa.

Asabar, 19 ga Yuni

Ban yi masa magana ba yau. Shi ma bai yi ba. Fanka ce kawai ke hira.

Lahadi, 20 ga Yuni, 4:00 na yamma

Chiharu ta kira. Ta ce, "Mama, muryarki wani iri." Na ce jarrabawa nake dubawa. Ta ce, "Baba fa?" Ita da kanta ta tambaya. Na miƙa masa, ya yi ta ba ta labarin wani kare da ya gani sanye da rigar ruwa, yana dariya, hannunsa ɗaya dafe da bango.

Ya huda sabon rami a bel ɗinsa. Biyu ma. Da abin huda falanki ya yi, gefen ya yi kaca-kaca. Mutumin da ba ya barin waya ta leƙo.

Tsirran sun yi ganye biyar-biyar. Ban san me ya sa na ƙirga ba.

Talata, 22 ga Yuni, 7:00 na yamma

Saura sati ɗaya. A aji na uku yau wata yarinya ta tambaye ni, "Malama, don me matar cikin labarin ba ta tambayi mijinta kawai ba?" Na ce mata don marubucin yana son littafinsa ya yi kauri. Suka yi dariya. Na juya na goge allon da ba a rubuta komai a kai ba.

Na ce masa zan kira 'yan sanda da kaina, in huta. Ya ce, "Ga waya nan." Na ce zan zuba wa tukwanen ruwan zafi. Ya ce, "Ke ba za ki iya kashe ko gizo-gizo ba, a kofi kike fitar da shi." Na ce, "Gizo-gizo bai taɓa yi min ƙarya ba."

Miyar waken miso kawai ya sha. Rabi.

Laraba, 23 ga Yuni, 10:20 na safe

Ban je makaranta ba. Karo na farko cikin shekara shida. Na ce musu ciwon kai. Ya fita ƙarfe tara da lema da 'yar jakarsa, ya ce zai je ya ga wani tsohon abokin aiki. Na leƙa ta baranda. Sha bakwai ya hau.

Na zo in kwance akwatin. Na ɗauko sukudirebansa, na durƙusa, na cire fulogi. Fanka ta yi shiru. Ban san gidan nan yana iya yin shiru haka ba.

A bayan akwatin, tsakaninsa da bango, akwai wata babbar ambulan ruwan ƙasa.

Laraba, 11:05 na safe

Takardun asibiti ne guda tara. Ta farko tun watan Fabrairu. Akwai hoto baƙi da fari mai wani zagaye da aka yi da jan biro. Akwai jadawalin ranakun Laraba. Akwai wata mai layi biyu a ƙasa: na majiyyaci, da na iyali, inda aka rubuta cewa an yi wa iyali bayani, sun fahimta, sun amince.

A layin iyali an rubuta Uchida Sumie da tonon kaza. Ga hatimina a gefe, a karkace.

Ashe an yi min bayani. Ashe na fahimta.

Ba zan rubuta sunan abin a littafin nan ba. Na san yadda ake rubuta shi. Ni nake koyar da rubutu.

Laraba, 11:30 na safe

Na mayar da fulogin.

Alhamis, 24 ga Yuni, 6:30 na safe

Jiya ya dawo ƙarfe huɗu, fuskarsa kamar toka. Na ji shi yana hutawa a kowane hawa. Wata huɗu ina jin wannan tsayuwar a bene, ina cewa a raina sigari yake sha a ɓoye.

Ambulan tana kan tebur. Ya dube ta, ya dube ni, ya zauna.

"Ka saci sunana."

"Aro na yi."

"Ka san laifi ne? Wannan ma akwai ɗauri."

"A haɗa da na tumatir."

"Kada ka yi min wasa, Masaji." Rabon da in kira shi da sunansa tun kafin a haifi Chiharu.

Ya ce likitan ya nace sai ya zo da ni. Ya ce masa matarsa malama ce, ba ta da lokaci, zai kai mata takardar gida. Ya ce, "Kin riga kin sunkuya sau ɗaya saboda ni. Na ce wannan karon bari in ɗauki kayana da kaina."

"Sai ka ɗauko wanda zai sa in sake sunkuyawa, ka saka a kabad."

Ya ce wani da suke zama layi ɗaya ranar Laraba ne ya ce masa ganyen yana sa a ji yunwa, yana hana amai, shi ya ba shi irin. Ya ce, "Ina ganin fuskarki duk lokacin da na bar abinci. So nake in cinye kwano ɗaya a gabanki, ki daina harara ta."

Na ce, "Ƙarya kake. Da haka ne da ka nemi busasshe."

Ya dubi ambulan ɗin. Sannan ya ce, "Wata huɗu yake ɗauka. Na ce in ina da abin da sai Oktoba zai nuna, dole in tsaya in gani."

Na tashi na wanke kwanonin da na riga na wanke.

Juma'a, 25 ga Yuni, 1:00 na rana

Ba a yafe masa ba. A rubuta wannan. Mutum ba ya zama mai gaskiya don kawai ya rame.

Asabar, 26 ga Yuni, 9:00 na safe

Ruwa ya ɗauke. Na shanya katifu a baranda, na yi ta dukansu da mabugi har sai da na hawa na biyar ya leƙo.

Na sauka da kwalabe, na tarar da Obata-san tana shara. Ba ta ce komai a kan ƙwai ba. Ta shiga gida ta fito da ɗan kwano a rufe, jiƙaƙƙun 'ya'yan itacen pulam masu gishiri da tsami, na haɗin hannunta. Ta ce, "Nawa maigidan, a ƙarshe-ƙarshe, da wannan kawai yake iya cin kunun shinkafa. Ki gwada." Ta ce, "Ranar Litinin ba zan leƙa ledar kowa ba, idona yana ciwo."

Mai zura allura.

Ya sha kunun, kwano ɗaya, har da kankare gindi. Na harare shi duk da haka, kada ya saba.

Lahadi, 27 ga Yuni, 5:45 na yamma

Na yi tunani ta kowace fuska. In suka ja ƙofar nan ranar Talata, tafiya da shi za a yi. Wancan karon kwana ashirin, ba a bar ni na gan shi ba sai ta bayan gilashi. Wannan karon ban san ko kwana ashirin nawa muke da su ba, kuma ba zan ba gwamnati ko ɗaya ba. Sauran faɗan da zan yi masa yana da yawa. Babu wanda zai ɗauke min shi kafin in gama.

Ya ce, "Ki bar min ko guda ɗaya." Na ce ko ganye ɗaya. Ya ce, "To me zan jira?" Na ce, "Fitilar banɗaki tana jiranka shekara takwas, ba ta mutu da jira ba. Chiharu za ta zo hutun Agusta, kai za ka faɗa mata da bakinka. In kuma lallai sai abin da zai nuna a Oktoba, akwatin ya koma kusurwar kicin, in sayo maka irin tumatir na gaskiya, mu ga ƙaryar iya noma."

Ya ce tumatir ba zai yi a wannan hasken ba. Na ce to ya yi ta gwadawa har ya yi.

Na rubuta masa takarda, na manna a ƙofar akwatin, daidai inda zai gani idan ya durƙusa. Ga abin da ke ciki:

Gobe Litinin motar shara tana zuwa takwas da rabi. Kana da zuwa ƙarfe takwas ka tuge su huɗun da hannunka. In takwas ta buga suna tsaye, ni zan tuge su, in naɗe a jarida da kayan cikin kifi, in rubuta 402 a kan ledar, in sauka da ita da kaina. Kafin rana ta faɗi katifu za su koma ɗakinsu. Ranar Talata zan buɗe wa masu sanda kabad har ƙarshe. Ranar Laraba ƙarfe tara zan hau sha bakwai tare da kai. In ka ce kada in zo, zan zauna a kujerar bayanka. Zan shiga ɗakin likitan nan, ya yi min bayanin da aka ce an yi min, tun daga farko, a hankali, har sai na fahimta. Sannan in ciro hatimina in buga kusa da wancan karkataccen.

Na buga shi a ƙasan takardar, a miƙe. Na goge shi. Yana cikin jakata.